Ajiye tukwanen iskar nutso daga sanyi zuwa bazara

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni mai nutso ne a nan Yamai, a Gamkalle nake zaune. Aikina share bakin bututun injinan ban-ruwa da ciro abin da ya nutse a kogi, kamar injin jirgin ruwa. Ina da tukwanen iska huɗu: uku na ƙarfe, biyu masu lita 12 da ɗaya mai lita 15, sai ta alminiyam guda da na saya ta hannu daga Kwatano. Daga Nuwamba zuwa wajen Maris ba na shiga ruwa sosai, kogi ya cika, ga ƙarfin ruwa ga sanyi. Wasu sun ce in bar su cike, wasu sun ce in zubar da iskar duka don kada su fashe. A kwance zan ajiye su ko a tsaye? Kuma ina da wata kwantena a bakin gida, za ta yi?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya tsare ka a wannan aiki. Ga amsar a taƙaice kafin bayani: kada ka bar su cike, kada kuma ka zubar da iskar duka. Ka rage iskar ta koma bar 30 zuwa 50 (bar shi ne ma'aunin matsin iska) a cikin kowace ta ƙarfe, ta alminiyam kuwa bar 20 zuwa 30, ka tsayar da su a tsaye a ɗaure, a ɗaki mai inuwa da bushewa. Kwantenar nan kuwa ka bar ta da wasu kayan.

Sanyin Yamai ba ya yi wa tukunya komai. A Janairu da asuba zafi kan sauka wajen digiri 15, da rana ya koma sama da 30, kuma iskar hunturu busasshiya ce ƙayau. A wajen ƙarfe babu lokacin da ya fi wannan daɗi a duk shekara. Abin tsoron yana cikin tukunyar, inda idonka ba ya kaiwa, wato ruwa. Cokali ɗaya na ruwa da ya kwana wata huɗu a cikin tukunyar ƙarfe mai cike da iska ya isa ya lalata ta, kana kallon fentinta yana sheƙi a waje.

Tsatsa na bukatar abu uku, ƙarfe da ruwa da iskar oksijin. Ƙofar ƙarfe da ke tsakar gida tana samun oksijin daidai da wanda muke shaƙa, kashi 21 cikin ɗari na iskar da ba a matse ba. A cikin tukunyar da aka cika zuwa bar 200 kuwa, oksijin ɗin da ke goga jikin ƙarfen ya ninka haka sau 200. In da ruwa a ciki, tsatsar da za ta ɗauki shekaru a waje sai ta yi aikinta cikin watanni. In ka sauke matsin zuwa bar 40, ka rage wannan oksijin zuwa kashi ɗaya cikin biyar. Kuma ko da wani abu ya faru, wuta ta tashi ko tukunya ta faɗi, ƙarfin da ke ƙunshe a ciki ya ragu sosai.

To me ya sa ba za a zubar da ita duka ba? Saboda matsin da ke ciki shi ne ƙyauren tukunya. Muddin akwai iska mai turowa waje, ƙura ko danshi ba su da hanyar shiga. Da zarar ta koma sifiri kuma robine, wato famfon da ke bakin tukunya, bai rufu sarai ba, sai tukunya ta fara numfashi: da rana ta yi zafi iska ta fita, da dare ta huce ta zuƙo iskar waje da duk abin da ke cikinta. A Disamba ƙura za ta zuƙo. In ajiyar ta ja har damina, danshi ne. Don haka ne duk mai cika iska da ya san aikinsa, in aka kawo masa tukunya fanko, ba ya cika ta sai an buɗe an leƙa ciki. Wasu na cewa bar 10 ma ya isa. Ya isa a takarda, amma agogon matsi ba ya faɗin gaskiya sosai a ƙasan ma'auninsa, kuma in akwai ɗan yoyo da ba ka sani ba, bar 10 ba za ta kai ka Maris ba. Bar 40 tana ba ka sararin ganin yoyo kafin tukunya ta kai ƙasa.

Sauke iskar ma yana da yadda ake yi. Ka kai tukunya waje, ka kwantar da ita ko ka ɗaure ta, bakin robine na kallon inda babu mutum, ka murɗa kaɗan kawai har ka ji tana shiii a hankali. Ba ta rabin awa ko fiye. Ka riƙa taɓa robine da bayan hannu: in ya yi sanyi kamar ƙanƙara ko ya fara zufa, iskar ta cika gudu, ka rage. Iskar da ke fita da gudu tana sanyaya ƙarfe, sanyin kuma shi ke mayar da danshi ruwa. Kada ka sa tafin hannu ko yatsa a bakin, iska mai wannan ƙarfi tana iya shiga ƙarƙashin fata. Yara su yi nisa.

Kafin wannan duka, sai an yi wanka. Ruwan kogi ba shi da gishiri, wannan sa'a ce, amma yana da laka mai laushi da ke maƙalewa ta riƙe danshi. Cire na'urar shaƙa, cire rigar da madaurai, sannan ka wanke tukunya da ruwan famfo tun tana da iska a ciki kuma robine a rufe. Abin da mutane suka fi mantawa shi ne takalmin roba da ke gindin tukunyar ƙarfe. Dole ka cire shi. In ya ƙi, ka zuba masa ruwan ɗumi ya yi laushi, ka sa guntun katako a gefensa ka buga a hankali kana zagayawa. Sau da yawa abin da ake tararwa a ƙarƙashi shi ne laka baƙa mai wari, da zoben tsatsa da ya zagaye gindin, fenti ya kumbura kamar bororon ƙuna, in ka danna da farce ya ɓare jan gari ya zubo. Haka ragar da ake sa wa tukunya, da tsofaffin takardun da aka manna, duk suna ɓoye irin wannan. Wanke, goge da tsumma, shanya a inuwa kwana guda, kuma ka bar takalmin a cire har ranar da za ka koma ruwa. A ƙarshe ka buɗe robine na ɗan daƙiƙa ɗaya ya fesar da ɗigon ruwan da ya maƙale a bakinsa.

In ka ga tsatsar sama-sama a waje, ka goge ta da burushin waya na hannu ko takardar yashi, ka shafa fentin hana tsatsa wanda ke bushewa da iska. In ta yi rami wanda bakin allura ke shiga ya tsaya, ba aikinka ba ne, na mai gwaji ne. Ina roƙonka a kan abu uku, domin a nan ne kyakkyawar niyya take kashe mutane. Kada ka kai tukunya wajen masu walda ko masu injin gurza ƙarfe, ko a kasuwar Katako ko a ko'ina, don su "gyara" ta. Kada a yi mata fentin da ake gasawa a wuta, kada a ƙona tsohon fenti da wutar gaz. Kada kuma mai kowane iri ya shiga cikinta ko bakin robine, ko baƙin mai, ko kalanzir, ko man fesawa na sassauta kusoshi. Mun saba shafa wa ƙarfe mai don tsatsa, a kan fartanya da kwaɗo daidai ne. A nan kuwa man zai bi iska ya shiga huhunka, ga shi mai da iska mai matsi suna iya kama wuta.

Tsayuwa ko kwanciya: ga na ƙarfe, tsayuwa. Jikin tukunyar ƙarfe mai lita 12 siriri ne, ƴan milimita kawai, wajen 4 zuwa 5, gindinta kuwa ya fi kauri. In akwai ɗigon ruwa a ciki kuma tana tsaye, sai ya taru a gindi, wuri mai kauri, a ɗan da'ira ƙarama da mai dubawa zai gani da ya haska tocila. In tana kwance, ruwan zai miƙe a tsawon cikinta ya ci dogon layi a wuri mafi sirantaka. Wannan layin shi ne mafi muni a duk lalacewar tukunya, domin ta nan take tsagewa daga sama har ƙasa ranar cikawa. Ta alminiyam jikinta ya fi santimita ɗaya kauri, kuma ba ta jan tsatsa, farin gari take yi kamar toka, amma ita ma ruwa na yi mata ramuka, kuma in tana kwance ruwan na iya kai wa haƙoran wuya inda tagullar robine ke haɗuwa da alminiyam, ƙarafa biyu mabambanta a cikin danshi kuwa ɗaya na cin ɗaya. Ita ma ka tsayar da ita.

Sai dai tukunyar da ke tsaye ba a ɗaure ba ta fi ta kwance haɗari. Da ka cire takalmi, yawancin na ƙarfe gindinsu zagaye ne, ba sa tsayuwa da kansu. Ka sa kafinta ya yi maka akwatin katako mai ramuka huɗu, ko ka jera su a kusurwar ɗaki a kan katako da tsohuwar robar taya, ka ja sarƙa ko igiya mai ƙarfi a kafaɗunsu zuwa ƙugiya a bango. Ramin wuyan tukunya faɗinsa wajen milimita 25 ne. A bar 200, iskar da ke tura robine waje ta kai nauyin kusan tan ɗaya. A bar 40 ma ta kai wajen kilo 200. In akuya ko yaro ya ture ta robine ya bugi siminti ya karye, tukunya ce za ta tashi ta bi ɗaki. Kada gindi ya zauna kai tsaye a kan daɓen siminti ko ƙasa, suna jawo danshi. Katakon ma ka riƙa duba shi saboda gara.

Yanzu batun kwantena. Iskar da ke rufe tana ƙara matsi in ta yi zafi, wajen bar 0.7 ga kowane digiri ɗaya a tukunyar da ke cike da bar 200. Wadda aka cika da safiyar Janairu a digiri 20, in ta kai digiri 60 za ta nuna kusan bar 230. Kai ka san yadda cikin kwantena yake da azahar a Afrilu, lokacin da inuwar bishiya ma ta haura digiri 40. Lafiyayyar tukunya ba za ta fashe da wannan kaɗai ba, tunda an gwada ta a bar 300. Amma wadda tsatsa ta riga ta ci, wannan ƙarin na iya zama na ƙarshe. Zafin kuma yana hanzarta tsatsa, yana busar da zobban roba su tsattsage, kuma bangon ƙarfe na yin zufa da dare in damina ta shigo. Ka duba wuyan tukunyarka, a kan da yawa akwai harufan TS da iyakar zafin da aka yarda ta kai. Ɗakin ƙasa mai kaurin bango ko ɗakin siminti mai silin ya fi, wanda rana ba ta faɗa wa tukwane ta taga.

Maƙwabtan tukunya a mangaza su ma abin lura ne. Kada su zauna da jarkar fetur, tukunyar gaz ta girki, batirin mota, buhun taki, gishiri, sinadarin tsabtace ruwa ko sodar yin sabulu. Taki da gishiri da ruwan batir suna cin ƙarfe, soda kuwa alminiyam take ci. Janareta da injin walda su yi nisa. Tunda kana Gamkalle, kusa da kogi, ka tuna da Satumbar 2020 da ruwa ya shiga unguwanni irin su Lamorde da Saga. Ambaliyar da ta fi ɓarna ta Agusta da Satumba ce, ruwan da ke zuwa daga ƙasar Gini a Disamba da Janairu a hankali yake hawa, amma ajiyar wata huɗu takan koma ta wata goma ba tare da an shirya ba. Ka ɗaga mazauninsu daga ƙasa tun yanzu.

Bakin robine yana son murfi, don ƙurar hunturu da kuma zanzaro. Wannan ƙwaron ba ya ganin rami mai faɗin yatsa ya wuce, sai ya cika shi da laka ya yi ƙwai a ciki. In ba ka lura ba ka haɗa bututun cikawa, lakar nan tukunya za ta shige. Murfin roba mai sauƙi ya wadatar, ko tsumma mai tsabta da aka ɗaure da zare. In robinenka irin na DIN ne mai haƙora a ciki, kada ka ɗaure masa murfin ƙarfe mai toshe iska gam sai in yana da ramin sakin iska, domin in robine na yoyo, matsi zai taru a bayan murfin, ka zo buɗewa ya ƙi ko ya yi tsalle. Wajen rufe robine kuma yatsu biyu sun isa. Abin da ke tare iska a ciki ɗan faifai ne mai laushi, in ka matse da ƙarfi ka bar shi wata huɗu zai lotse, ranar da ka buɗe ya fara yoyo. Zoben roba na baki ka cire in ya tsage, ka ajiye sababbi a leda a rufe, nesa da rana.

Tukunyar nan ta Kwatano tana bukatar kulawa ta daban, ina so ka tsaya a kanta. Ta sha ruwan teku, ba ka kuma san hannu nawa ta bi ba. Goge kafaɗarta ka karanta abin da aka buga. In ka ga DOT da 3AL da 3000, ta tsarin Amurka ce, kuma 3000 ɗin ma'auninsu ne, daidai yake da bar 207, cikinta kuma wajen lita 11 ne. Ba a cika ta zuwa bar 232 kamar wasu tukwane. Sannan ka nemi kwanan wata mafi tsufa a jikinta, shi ne na ƙira. Akwai wani haɗin alminiyam mai lamba 6351 da kamfanin Luxfer na Amurka ya yi amfani da shi har tsakiyar 1988, haka ma kamfanin Walter Kidde. An gano cewa wannan haɗin yana tsagewa a hankali a wuya da kafaɗa in tukunya ta daɗe a cike, kuma an yi asarar rayuka da gaɓoɓi wajen cika irinsu. Ajiye irin wannan a cike na watanni shi ne ainihin abin da ke ciyar da tsagar gaba. Ana duba ta da wata na'urar lantarki da ake murɗawa a haƙoran wuya. A ganina, in taka ta wancan zamani ce kuma babu mai wannan na'urar a kusa, ka sauke iskarta duka, ka sa a cire robine a huda jikinta don kada wani ya tsinta ya cika. Kuɗin da ka saye ta bai kai darajar hannun mai cika iska ba. In ta bayan 1990 ce, wannan damuwar ta ragu.

Wani abu game da alminiyam: ba ya jure wuta. Da ya kai wajen digiri 175 ƙarfinsa ya tafi kuma ba ya dawowa, ko da ba a ga alama a ido ba. Robinen Amurka suna da ɗan faifan tsaro da ke fashewa ya saki iska in matsi ya yi yawa, amma a tukunyar da ke rabi, jikinta na iya yin laushi ya yage kafin matsi ya kai inda faifan zai fashe. Shi ya sa ita za ka bar ta a ƙasa-ƙasa, bar 20 zuwa 30, kada ka ajiye ta da 100 ko 120. Robinen Turai da yawa ba su da wannan faifan sam. Ka rubuta a ƙofar ɗakin cewa akwai tukwanen iska a ciki, in wuta ta tashi ƴan kwana-kwana su sani kafin su shiga.

Na san mai aiki irin naka ba ya rasa kiran gaggawa, jirgi ya kife ko wani ya faɗa ruwa. In dole ka bar ɗaya a cike, ka zaɓi wadda aka leƙa cikinta kwanan nan aka same ta fes, kuma wa'adin gwajinta bai ƙare ba. Ka sabunta iskarta duk wata uku. Busasshiyar iska mai tsabta ba ta lalacewa da kanta, tukunya ce ke lalata ta. Tsatsa tana cinye oksijin, har ta kai iskar da ke cikin tukunya mai ruwa ba ta isa riƙe rai ba, alhali agogo yana nuna matsi, kuma ƙarancin oksijin ba shi da wari ko ɗanɗano, mutum suma kawai yake yi. Saboda haka iskar da ta kwana a sauran ukun ba ta shaƙa ba ce. Zubar da ita za ka yi, ko a auna ta da na'ura a ga oksijin ya kai kashi 20.9.

Mafi kyawun lokacin leƙa cikin tukunya shi ne yanzu, kafin ajiya. Mutane sukan bari sai za su koma aiki, lokacin kuwa ruwan da ke ciki ya riga ya gama ɓarnarsa. Kai da kanka za ka iya ɗan bincike: ɗaga ta ka karkata a hankali kusa da kunne, in ka ji motsin ruwa ko ƙarar wani abu kamar yashi, akwai matsala. Fesa iskar a farin ƙyalle daga ɗan nesa ka ga ko zai yi ja, ko baƙi, ko jiƙa, sannan ka shinshina. Warin mai ko na ruɓa ko na ƙarfe, ruwa ba ya tsami banza. Amma farin ƙyalle mai tsabta ba shaida ba ce, domin a ƙarƙashin robine akwai ɗan bututu da aka sa musamman don hana ruwa da tsatsa fitowa. Tabbaci sai an sauke iska duka, wanda ya koyi aikin ya cire robine, ya zura fitila da madubi. In ya sami tsatsa mai sauƙi, a goge, a wanke, a busar da iska mai ɗumi har babu ɗigo, a sa sabon zoben wuya, a rufe, a sa mata bar 40 nan take. In an buɗe fiye da ɗaya a rana guda, kowane robine ya koma kan tukunyarsa. Akwai haƙoran M25x2, akwai wasu iri biyu na inci uku bisa huɗu, kuma wani yana shiga cikin wani kamar ya dace, sai an kai matsi ya fice kamar harsashi. Ka sa musu lamba da fenti kafin a kwance.

In aka sami ruwa a ciki, tambayar da ta fi muhimmanci ita ce ta ina ya shiga, kuma a ƙasarmu yawanci daga injin cikawa ne. Matatar injin tana da iyakar ruwan da za ta iya sha. Iska a digiri 20 tana iya ɗaukar ruwa giram 17 a kowace mita kubik, a digiri 40 kuwa giram 51, ninki uku. Ma'ana, matatar da takardar kamfani ta ba wasu awoyi a yanayin Turai, a zafin Yamai wajen kashi ɗaya cikin uku na wannan za ta yi. Mai injin da ke ƙirga awoyi da lissafin takarda kawai yana zuba wa mutane ruwa bai sani ba. A riƙa zubar da ruwan da injin ke tarawa duk minti 10 zuwa 15, a yi cikawa da sassafe, in kuma injin na fetur ne a kai bakin shan iskarsa sama, ta inda iska ke busowa, nesa da hayaƙi. Ƙa'idar Turai ta iskar shaƙa, EN 12021, ba ta yarda gubar hayaƙi ta wuce kashi 5 cikin miliyan ba. Injin masu facin taya ba ya cikin wannan magana, bai wuce bar 10 ba kuma iskarsa duk mai ce. Oksijin na masu walda ko na asibiti kuwa kada ya kusanci waɗannan tukwane.

Watannin hutun nan su ne kuma lokacin gwajin ruwa, in ya yi. Ana cika tukunya da ruwa a matsa ta fiye da matsin aikinta, bar 300 ga mai 200, bar 348 ga mai 232, domin ruwa ba ya matsuwa, in ta fashe ba ta tashi da kowa. A Amurka duk shekara 5 ake yi, da dubawar ido duk shekara. A Faransa duk shekara 2 ne, ko shekara 6 in tukunyar tana cikin tsarin da ƙwararren mai dubawa ke leƙa ta duk shekara yana rubutawa. Kwanan gwaji na ƙarshe yana buge a kafaɗa. Ka tambayi masu cika tukwanen masana'antu da na asibiti, ko ƴan kwana-kwana, inda suke kai nasu. In ta dawo daga gwaji ka nemi a nuna maka cikinta a bushe kafin a ɗaura robine, domin tukwane da yawa a wajen gwaji suke samo tsatsarsu ta farko. Wajen kai ta, a kwance a mota, an tokare ta kada ta gangara, ba a bayan babur ba.

A cikin watannin ajiya, sau ɗaya a wata ka ɗaura agogo ka rubuta abin da ya nuna da alli a bango, da safe kullum don zafi ya zama kusan ɗaya. Hawa ko saukar bar 2 ko 3 na yanayi ne. In tana sauka wata bayan wata, ka kaɗa ruwan sabulu ka shafa a wuya, da bakin robine, da gindin mamurɗi, ka jira kumfa. Kumfa a baki ko a mamurɗi gyaran robine ne. Kumfa a wuya yawanci zoben roba ne, amma a tukunyar alminiyam yana iya zama tsaga, don haka ka sauke iskarta a hankali, kada a sake cika ta sai an duba haƙoran.

Ranar komawa ruwa, wajen Maris in kogi ya fara ja, ka cire murfi ka leƙa bakin robine da tocila, ka sauke tsohuwar iska zuwa ƴan bar kaɗan ba zuwa sifiri ba, ka sa sabon zoben baki, ka mayar da takalmi a kan busasshen gindi. Cikawar farko a yi ta a hankali, tukunya a ɗaure, babu mai tsayawa a kanta. Ka bar ta ta huce awa guda ka sake aunawa, za ta ɗan sauka saboda zafin cikawa ya fita. Shinshina iskar, ɗaura na'urar shaƙa, ja numfashi biyar ko shida a tudu kana kallon allurar agogo. In allurar tana rawa tana faɗuwa da kowane numfashi alhali robine a buɗe yake duka, wani abu ya toshe hanya, ko tsatsa a ɗan bututun ciki ko a ragar na'urar, kuma wannan tukunya ba ta shiga kogi ranar.